Shekarar da Baba ya tafi Hajji ya bar mini ragon layya

Ina aji uku a jami'a, a Bauchi, lokacin da Allah ya kira Baba aikin Hajji a 2024. Daren da za su shiga sansanin alhazai ya buga mini waya, bayan mun gaisa ya ce, "Na tura maka naira dubu 300. Ragon gida yana wuyanka bana. Ka nemi Baffanka kafin ka yi komai." Na ce to, Allah ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya. Ban ji nauyin maganar ba a lokacin. Tun ina ƙarami nake ganin rago a turke a ƙofar gidanmu duk Babbar Sallah, ni ke ba shi dusa, ni ke riƙe ƙafa idan za a yanka, don haka na ɗauka na san layya. Ashe ƙarshenta kawai na sani. Ina rubuta wannan ne saboda ɗalibi irina da za a wayi gari a ɗora masa wannan aiki yana can makaranta, kansa na cikin jarrabawa.

An ga watan Zulhajji, ɗaya ga wata ta kama Juma'a 7 ga Yuni, ke nan Sallah ranar Lahadi 16 ga Yuni. A wannan makon muna fama da gwaje-gwaje, sai na bar kuɗin a asusu na ce idan na je gida na yi komai da hannuna. Kuskurena na farko ke nan. Da na tura wa Baffa kuɗin tun a ranar, da ya shiga kasuwa kafin 'yan birni su yi mata caa. Akwai kuma wani abu da ban sani ba sai da na riga na yi aski ranar uku ga wata. Wani abokina a masallacin makaranta ya tuna mini hadisin Ummu Salama, cewa wanda ya yi niyyar layya ya kame daga aski da yanke farce idan goman farko ta shiga. Hankalina ya tashi, na je na tambayi limamin masallacin. Ya ce aski ba ya ɓata layya, in kiyaye sauran kwanakin kawai. Ya ƙara mini da cewa hadayar da Baba zai yi a Mina daban, ragon gida daban, kada in ɗauka ɗaya ya ɗauke wa ɗaya.

Na baro Bauchi ranar Laraba 12 ga Yuni, da yake ranar hutu ce ta dimokuraɗiyya. Na isa tasha ƙarfe bakwai na safe na tarar an ƙara kuɗin mota, kujerar da na saba biya dubu 6 ta koma dubu 8, kuma sai da muka yi kusan awa biyu kafin motar ta cika. Muka bi ta Ningi, muka faɗa titin Maiduguri wajen Birnin Kudu, muka wuce Wudil, la'asar ta yi mana a Kano. Umma ta tare ni da furar da ta san ina so, ƙannena suka kewaye jakata. Tambayar farko da autanmu ya yi mini ita ce, "Yaya, ina ragon?" Maƙwabta duk sun ɗaure nasu.

Alhamis da sassafe na tafi banki, don an gaya mini masu dabbobi da yawa, musamman waɗanda suka kawo daga ƙauye, sun fi son kuɗi a hannu. Na karɓi lamba na zauna fiye da awa uku. Da layi ya zo kaina aka ce dubu 50 kawai za a iya ba kowa a ranar. Na'urar cire kuɗi ta waje ta ba ni dubu 20 ta tsaya. Sauran sai wajen masu POS na haɗa su, wuri uku daban-daban, suna cire naira dubu 2 a kan kowace dubu 100. Wanda zai yi wannan aiki ya fara tara tsabar kuɗinsa mako guda kafin nan, kaɗan-kaɗan.

Da yamma, kuɗi na aljihu, sai zumuɗi ya ɗebe ni. A bakin babban titin da ke kusa da unguwarmu akwai inda ake kafa turaku duk shekara idan Sallah ta matso. Na ce bari in leƙa in ga farashi kawai. Magariba ta kusa, haske ya fara raguwa. Wani mutum ya ja hannuna ya kai ni wajen wani farin rago mai ƙaho a murɗe, an wanke shi tas, an ɗaure shi jikin katanga. Ya ce dubu 230, muka yi ta ja har ya sallama a dubu 185. Na ga kamar na yi dace. Ya ce in ba da wani abu a riƙe mini, don akwai wani alhaji da ya taya zai dawo bayan isha'i. Na ba shi dubu 10, na ce gobe da safe zan zo da Baffana mu ɗauka.

Da na je gidan Baffa bayan isha'i na ba shi labari, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki tocila ya ce, "Mu je in gan shi, ɗana." Muna zuwa ya sa aka kwance ragon aka janyo shi tsakiyar fili. Ya zagaya ta ɓangaren da ke jikin katanga ɗazu, ya kaɗa hannu kusa da idon hagu. Ragon bai ƙifta ba. Ya haska, sai ga fari ya rufe ƙwayar idon gaba ɗaya. Jikina ya yi sanyi. Baffa ya juyo ya ce mini, a gaban mai ragon, abu huɗu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba sa isarwa a layya: mai ido ɗaya da abin ya bayyana, marar lafiya da cutarsa ta bayyana, gurgu da gurguntarsa ta bayyana, da ramamme wanda ba ɓargo a ƙashinsa. Mai ragon ya ce shi ma haka ya saya, kuma ciniki ya riga ya faɗa. Aka tara mutane, aka yi ta magana, daga ƙarshe ya mayar mini da dubu 5 ya riƙe dubu 5. A hanyar komawa Baffa ya ce, "Ba a sayen dabba da magariba, kuma ba a sayenta a ɗaure. Gobe Juma'a, kasuwar Wudil ke ci. Ka zo da asuba."

Mun bar gida bayan sallar asuba, muka bi ta Mariri, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Na sha wuce Wudil a mota amma ban taɓa shiga karar ba. Ƙura, kukan dabbobi, manyan motoci ana loda shanu da raguna zuwa kudu, mutane daga ko'ina. Baffa bai tsaya wajen kowa ba sai da ya nemo wani dillali da suka daɗe tare. Wannan shi ne abu na biyu da ban sani ba: a babbar kasuwa ba kai tsaye kake ciniki da mai dabba ba, dillali ne a tsakani, shi ya san wanda ya kawo ta, shi kuma za a nema idan daga baya ta zama ta sata. La'adar da za ka ba shi kuɗin wannan tsayawar ce.

Mun yi fiye da awa guda muna zagayawa ba mu taya ko ɗaya ba, Baffa yana nuna mini. Ga Balami, fari sol, dogo, mai faɗin kunne da gantsararren hanci, shi ne mai tsada. Ga Uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, kamar an raba shi da layi. Ga ɗan ƙasa, bai kai su tsawo ba amma yana da nama a dunƙule. Duk wanda ya kwanta masa a rai sai ya sa a kwance shi a ja shi ya yi tafiya, yana kallon ƙafafun. Sai ya buɗe bakin ya nuna mini haƙoran ƙasa, domin tumaki ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Idan duk ƙanana ne jere kamar ƙwayar shinkafa, na nono ne, ragon yaro ne ko da jikinsa ya cika ido. Idan manya biyu masu faɗi sun fito a tsakiya, ya kai shekara ko ya haura. Ya ce a Risala da muka karanta a zaure, ɗan shekara aka fara ambata a tumaki, akwai kuma malaman da suka sauko ƙasa da haka, amma mai saye da kuɗinsa me zai kai shi wurin saɓani? Ya duba kunne kada a ce an yanke fiye da sulusinsa, ya duba ƙaho kada ya zama karyayye mai jini, ya duba hanci ko yana yoyo, ya ɗaga jela ko akwai alamar zawo. Daga nan ya ɗora tafin hannunsa a gadon baya, saitin ƙugu, ya matsa. Ya ce in taɓa. "Nan ake jin nama. Ciki kuwa kada ya ruɗe ka, ana ba su kanwa da gishiri su yi ta shan ruwa su kumbura."

Wanda muka tsaya a kansa Uda ne, mai haƙora biyu. Aka ce dubu 280. Baffa ya taya dubu 180, mai shi ya ce albarka. Muka yi kamar za mu wuce, dillali ya riƙo rigar Baffa, ya koma ya yi ƙus-ƙus da mai ragon, ya dawo. Haka aka yi ta yi, ana hawa da dubu biyar-biyar, ni kuwa zuciyata na bugawa don ina ganin wani zai zo ya ɗauke. A dubu 215 mai shi ya miƙo hannu ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka. Na ƙirga kuɗin a gaban dillali da mutum biyu. Na ba dillali dubu 5, na biya dubu 1 aka rubuta mana takardar shaidar saye. Baffa ya ce in adana ta a aljihun gaba, kuma da gaskiyarsa, don an tsayar da motarmu a hanya an tambaye ta. Kuɗin motar rago zuwa Kano dubu 4, a-daidaita-sahu zuwa ƙofar gida dubu 2 da ɗari 5. Mun samu sallar Juma'a a unguwa da ƙyar. Autanmu ya rungume wuyan ragon ya ƙi saki.

Asabar ranar Arfa ce, duk gidan muna azumi, Umma na zaune gaban talabijin tana duba fuskokin alhazai ko za ta hango Baba. Ni kuwa ina ta zirga-zirga. Na sayo harawa da dusa na dubu 3 da ɗari 5, Baffa ya hana a ba ragon tuwo ko hatsi da yawa, ya ce sauyin abinci farat ɗaya na iya kumbura shi ya kwanta a daren Sallah. Na kai wuƙaƙe biyu aka wasa. Na sayo itace na dubu 6, da man gyaɗa da gishiri da kayan yaji, tumatir da attarugu kuwa a wannan watan sun yi tsadar da Umma ta ce a rage miyar kawai. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne mahauci. Duk wanda na je wurinsa ya riga ya cika, wani yana da gida goma sha biyu. Da ƙyar na samu wani ya ce zai zo amma mu ne na shida, muka yi tsada a kan dubu 7.

Ranar Lahadi muka tafi idi da ƙannena cikin sababbin kaya, muna kabbara a hanya. A shekarar 'yan sanda sun hana hawan Sallah a Kano saboda rikicin masarauta, yara suka yi ta jin haushi, gari ya yi shiru ba kamar yadda aka saba ba. Baffa ya riga ya ja mini kunne cewa kada wuƙa ta taɓa wuyan rago sai liman ya yanka nasa, wanda ya riga liman naman miya ya yanka, sai ya sake. Muka tsaya har aka yanka na liman a filin idi, sannan muka kamo hanya.

Na so Baffa ya yanka, ya ce a'a. "Kai aka wakilta. Zan tsaya a kanka." Aka haƙa ɗan rami a bayan gida, aka ba ragon ruwa, aka kwantar da shi ta gefen hagu yana fuskantar alƙibla. Baffa ya sa na ɓoye wuƙar a bayana har sai da aka gama riƙe shi. Ya kama hannuna ya ɗora a wuyan, ya nuna mini maƙogwaro da jijiyoyi biyu na gefe, ya ce in bar zoben maƙogwaron ta wajen kai, kuma idan na fara kada in ɗaga hannu sai na gama. Ina jin ɗumin jikin dabbar da bugun jijiyarta a ƙarƙashin yatsuna. Na yi niyya a madadin gidanmu, na ce Bismillahi Allahu Akbar. Da na miƙe gwiwoyina na rawa. Umma tana tsaye daga bakin ƙofa, ta ce, "Allah ya karɓa, Allah ya yi maka albarka," ta juya ciki da sauri tana goge ido da bakin mayafi.

Mahauci bai iso ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Awa uku rago na kwance a inuwa, muna korar ƙuda, Baffa na cewa da mun san haka da mun fara fiɗa da kanmu, don kayan ciki ba sa son jira a zafi. Da ya gama sai ya naɗe fatar zai saka a buhu, ya ce a rage dubu 2 a kuɗin aikinsa. Ni har na amsa, Baffa ya ce ba a biyan mahauci da komai na jikin layya, ba a kuma sayar da nama ko fata. Na biya shi dubu 7 ɗinsa cif, Umma ta ɗebar masa nama kyauta. Fatar muka barbaɗa mata gishiri, da yamma 'yan agaji masu tara fatun layya suka zo muka ba su. A ranar hanta da ƙoda da tumbi aka dafa, aka babbake kai da ƙafafu, gangar jikin kuma aka rataye ta ta kwana ta tsane, kamar yadda ake yi a gidajen Kano.

Litinin aka yi ta daddatsa da suya tun safe. Umma ta fito da wata tsohuwar takarda da rubutun Baba, sunayen gidajen da yake aika wa nama duk shekara. Gida goma sha huɗu. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layinmu da 'ya'yanta suka rasu, akwai mai gadin makarantar su ƙanwata, akwai gidan wani abokin Baba da ya rasu tun ina firamare. Ban taɓa sanin da wannan takarda ba. Ni na kai da kaina, gida-gida, kuma a kowace ƙofa sai an tambaye ni labarin Alhaji.

Labarin kuwa a ranar ba mu da shi. Rediyo na ta faɗin tsananin zafi a Makka, har ya haura digiri 51, alhazai na faɗuwa a hanyar jifa. Wayar Baba ba ta shiga tun daren Sallah. Kaskon suya na kan wuta, gida cike da 'yan yawon Sallah, Umma na ba yara goron Sallah tana murmushi, amma duk bayan ɗan lokaci sai ta shiga ɗaki ta sake gwada lambar. Bayan kowace sallar farilla muna kabbarorin kwanakin, ni dai bakina na yi, zuciyata na Mina. Sai daren Talata ya kira da wayar wani, muryarsa a dishe, ya ce lafiyarsa ƙalau, tasa wayar ce ta faɗi. Daga baya hukumomin Saudiyya suka sanar cewa mutum 1,301 ne suka rasu a aikin Hajjin wannan shekarar ta 2024. Allah ya jiƙansu. Tambayar da ya yi mini bayan gaisuwa ita ce ko an kai wa tsohuwar ƙarshen layi nata.

A daren na zauna da littafi na rubuta duk abin da na kashe, har dubu 5 da na yi asara da kuɗin masu POS, ban ɓoye ko ɗaya ba. Zulhajji shi ne watan ƙarshe a shekarar Musulunci, saura kwanaki 1445 ta fita, sai lissafin ya zarce daga kuɗin rago zuwa shekarar tawa. Na tuna sau nawa na kira Baba a cikinta, kuma kusan duk kiran na neman kuɗi ne. Na tuna darasin da na faɗi a zangon farko na ɓoye masa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka, amma ko sau ɗaya bai ce mini babu ba, kuma ragon gida da gidaje goma sha huɗun nan bai fasa ba. Kwana shida na ɗauki abu guda cikin abubuwan da yake ɗauka, na ji a jikina. Na buɗe sabon shafi na rubuta masa maganar darasin da na faɗi, da abin da nake yi don in gyara.

Ga wanda za a ba wannan amana, abin da zan ce ya fara tun kafin wata ya kama. Ya tura kuɗi ga babban da ya san dabba a saya da wuri, ko da za a biya kuɗin kiwon mako guda, ya fi sauƙi a kan farashin jajibiri. Idan da kansa zai je, ya je da rana, da wanda ya iya, ya sa a kwance dabbar ta yi tafiya, ya duba ido biyun da baki, kada ya ba da ko sisi kafin haka komai daɗin bakin mai sayarwa. Ya ware aƙalla dubu 50 bayan kuɗin ragon, domin la'ada da mota da abinci da mahauci da itace da mai sun ci mini kusan haka a 2024. Ya kama mahauci mako guda kafin Sallah, ya tambaye shi ko shi ne na nawa a layi. Idan wani abu ya hana yanka ranar farko, akwai rana ta biyu da ta uku, da rana ba da dare ba. Kuma ya tambayi mahaifiyarsa su wa ake kai wa nama, don wataƙila akwai takarda a gidansu kamar tamu.

Na koma Bauchi ranar Alhamis, jirgin su Baba bai taso ba tukuna. Umma ta cika mini gwangwanin madara da soye, ta zuba kitse a kai don kada ya lalace. Jelar ragon kuwa ta shafe ta da gishiri ta rataye a kicin, ta ce ta cika-ciki ce idan Muharram ya kai goma, lokacin Alhaji ya dawo, taubasai sun zo karɓar kuɗin shara. Ta ce in yi ƙoƙari in zo ko na kwana ɗaya ne. Littafin lissafin na ajiye shi a ɗakin Baba, a kan Alƙur'aninsa na gefen gado na ɗora canjin da ya rage, littafin kuma a ƙarƙashin matashi.